Injin da Ba Ya Shan Mai

An taɓa yin wani mutum, ya 'yan uwa, sana'arsa sare bishiyoyi da daddatsa su. Mai Zarto ake ce masa. Yana da ƙarfi, ya iya aiki, amma hannun jarirai ne na ƙin ƙarawa. Ko sabulu ya sayo wa iyalinsa, sai ya yanke rabi ya ɓoye. Tare suke aiki da ƙanensa Auta, magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda ba shi da wani jari a duniya sai hannuwansa.

Wata rana Mai Zarto ya sayo sabon injin yankan itace, irin mai sarƙar haƙora da ke zagaya wani dogon ƙarfe. Tanki biyu gare shi: ɗaya na fetur, ɗaya na man da ke ɗiga wa sarƙa don kada ta yi zafi. Kowa a sana'ar ya san tare suke raguwa.

Ranar farko suka yi aiki har fetur ya ƙare. Ya buɗe tankin mai, ya gan shi cike fal yadda ya zuba shi. Kuna tsammanin ya tsorata? Ina! Baki har kunne. Wai ya dace da injin da ba ya shan mai. Har ya riƙa bin abokan sana'a yana yi musu dariya, su da injinansu masu haɗama.

Auta bai yi dariya ba. Ya ɗauki injin, ya kai bakin ƙarfen kusa da wani farin kututture, ya ba shi wuta. Da mai na zuwa, da an ga feshinsa a jikin itacen. Ko ɗigo babu. Ya kashe, ya taɓa sarƙar, ya ji ta a bushe ƙamas, ga zafi.

Ya ce, "Yaya, mai ba ya sauka. Ko dai 'yar hudar da yake bi ta toshe da dusar katako, ko kuma ba a saki abin daidaita shi ba tun daga shago. Bari in kwance notin nan in duba. In ba haka ba, wallahi sarƙar nan a hannun wani za ta tsinke."

Mai Zarto ya fizge injinsa. "Sabon abu za ka sa wa sifana? Da kai aka saya? Ku dai ba ku iya ganin abu a cike ba, sai kun ga bayansa."

Ku duba fa, jama'a. Gyaran da ba zai kai tsawon shan kofin shayi ba. Shi ya ƙi.

Injin bai ɓoye masa komai ba. Sarƙa ta fara saki, ya ɗaure, ta sake saki. Haƙoranta suka dakushe. Gefen ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi saboda ƙuna. Duk ya gani, kuma a ransa ya san Auta ke da gaskiya. To amma ya buɗe baki ya ce wa ƙanensa "ka faɗa"? Ya kuma zauna yana kallon mai na raguwa? Rowa ta riƙe masa hannu, girman kai ya riƙe masa baki.

Sai aka kira su datsa wani busasshen gungume mai tauri a bayan wani gida. Auta na can yana jan rassa zuwa waje, Mai Zarto ya kafa inji. Bai kai rabi ba hayaƙi ya tashi daga cikin tsagar. Ya ji ƙaurin ƙarfe. Ya ji kukan injin ya canza, sarƙar na fizga a hannunsa. Ya san abin da ke tafe.

A nan ne, ya 'yan uwa, nake jin raina yana tafasa. Ya kashe injin. Ya tsaya har hayaƙin ya washe. Sannan ya ɗaga murya.

"Auta! Zo ka karɓe ni, bayana ya riƙe."

Ya miƙa masa, ya ja da baya, ya koma inda ya san abin ba zai same shi ba. Wannan mutum ne? Ɗan uwanka, ciki ɗaya, nono ɗaya, shi za ka yi garkuwa da shi?

Auta ya karɓa, don ba ya yi wa wansa musu. Ya tayar, ya danna. Sarƙa ta tsinke, ta dawo kamar bulala, ta naɗe masa hannun dama. Likitoci sun yi iya yinsu. Hannun yana nan, amma yatsun da suka rage ba sa ko riƙe cokali.

Mai Zarto ya dinga ce wa 'yan dubiya, "Ƙaddara ce." Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma ba bargo ba ce da azzalumi zai lulluɓa da ita.

Ranar da aka sallamo Auta, yana kwance a ɗakin mahaifiyarsu, tsohuwar na zaune a gefensa tana yi masa fifita. Mai Zarto ya shigo ya durƙusa. Auta ya dube shi, bai ɗaga murya ba.

"Yaya, tambaya ɗaya. Da ka kira ni, ka riga ka ga alama?"

Mai Zarto ya sunkuyar da kai. Tsohuwa ta ajiye mafici.

Ta ce, "Tashi ka fita. Ni na haife ka, na san shirunka."

Daga ranar bai sake ganin haƙorinta ba. In ya gaishe ta, sai ta juya wa bango fuska. Maganar ta fita, abokan sana'a suka guje shi, don wa zai tsaya kusa da mai miƙa wa ɗan uwansa mutuwa? Ya sayo buhun hatsi ya kai wa tsohuwar, ta sa aka fitar da shi ƙofar gida. Ya kai wa matar Auta atamfa da takalman yara, aka mayar masa ko kwance ƙullin ba a yi ba. Mutumin da bai taɓa bayarwa ba, ga shi yana roƙon a karɓa.

Da ciwon ajali ya kwantar da tsohuwa, ya zo da gudu ya tsuguna a bakin ƙofa yana kuka, yana cewa, "Inna, ki yafe mini." Ta ji shi sarai. Ta laluba ta kamo shanyayyen hannun Auta ta ɗora a ƙirjinta, a haka ta cika.

To, ya 'yan uwa, ku ji da kyau. Rowa ba tattali ba ce. Ƙin karɓar gaskiya daga na ƙasa da kai ba girma ba ne. Kuma duk wanda ya hango cuta ya kauce, ya turo wani a gurbinsa, to ya sani akwai ranar da babu wanda zai miƙa wa nasa kayan. Wanene a cikinmu yake riƙe da wani abu da ya san ya lalace, mota ce, tsani ne, wayar lantarki ce, yana shirin cewa wani "karɓi"? Ya ajiye yau, ya faɗi gaskiya, ya gyara.

Allah ya kiyaye mu daga rowa da girman kai, ya tsare 'yan uwanmu daga sharrin hannuwanmu, ya sa mu rabu da iyayenmu lafiya. Amin.