Bakin Mushe Abduljalil Ya Rufe Lakwal

Mushe Abduljalil (Mushe laƙabin malaman boko ne a can) malami ne a wata lakwal, wato makaranta, ta Faransanci da Larabci a Gaya, wadda iyayen unguwa suka gina da hannunsu: Hausawa, Dendawa, Zabarmawa da Fulani. Yana da karatu, amma ba ya jure a musa masa.

Wata shekara aka kira taron iyaye don zaɓen littafin addini da za a karantar. Abduljalil ya kawo na shaihinsa, ya ce shi kaɗai ne a kan gaskiya. Sai Alhaji Siddo, wani dattijo Badende manomin shinkafa, ya miƙe.

"Mushe, littafin nan ya kafirta rabin iyayen da ke zaune a nan. A samo wanda ba zai raba mana yara ba."

Abduljalil ya buga tebur. "Baba, kai ne za ka koya mini addini? Ku da jiya-jiya kakanninku ke yi wa kogi yanka!"

Siddo ya ɗauki sandarsa ya fita, Dendawa suka bi bayansa. Direkta, shugaban lakwal ɗin, ya roƙi Abduljalil ya ba da haƙuri, shi kuwa ya ce wallahi ba zai janye ba.

Maganar ta shiga kasuwa, ta shiga tasha, har ta kai bakin yara. Rannan faɗa ya ɓarke a filin lakwal, dutse ya sami Rashida, jikar Siddo, a ido. Hukuma ta rufe makarantar. Aka gurfanar da Abduljalil, don doka ta hana cin mutuncin ƙabila, aka kuma sallame shi daga aiki.

A gida, matarsa Hawa ta ɗaure kayanta. "Uwata Badendiya ce, ka sani sarai. To, 'ya'yanka jikokin su wa ne?" Ta kwashe su ta koma gidan iyayenta.

Sai a lokacin ya je ya durƙusa gaban Siddo. Tsohon bai ko ɗago kai ba.

"Ni na yafe nawa. Shiga ciki ka gaya wa Rashida yaushe za ta sake gani da idon nan."

Darasi: saɓani a kan littafi ba laifi ba ne, ana tattaunawa a rabu lafiya. Amma wanda ya kasa kare ra'ayinsa sai da zagin asalin wani, girman kansa yake karewa, ba addini ba. Kuma yara ne ke fara shan wuyar abin da babba ya furta cikin fushi.