Layi na Bakwai a Gonar Lai'atu

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, shi ya sa har ya yi aure ya haifi 'ya'ya uku ba a daina ce masa Auta ba. Allah ya ba shi ƙarfi da zafin nama. In ya sunkuya da fartanya, sai ka ga ƙasa na tashi a bayansa kamar ana sheƙar hatsi. Shi ma ya san da haka, yana kuma son a faɗa a gabansa.

Damina ta zauna, makarantu sun yi dogon hutu, gidajen danginsu suka cika maƙil. Na birni sun dawo, jikoki suna ta gasa ɗanyar masara a bakin murhu, tukunyar da aka jingine tun bara ita ce yanzu ke kan wuta. A dangin nan kuwa akwai wata al'ada tun zamanin kakansu: da damina ba mai nome gonarsa shi kaɗai. Maza bakwai ne, sai su yi gayya, yau gonar wannan, jibi ta wancan. In sun isa bakin gona sukan jera bisa ga shekaru, babban wansu a layin farko, Auta a na bakwai. In sun kai ƙarshe sai su dawo su kama wasu layuka bakwai, kowa a matsayinsa.

Ran nan gayya ta faɗo a gonar Lai'atu, yayar Auta. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Bara mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ba ta kuma da abin da za ta ciyar da su sai maiwar da ke wannan gona, can a hayin rafi.

Da suka jera, Lai'atu ta ce, "'Yan'uwana, ku yi haƙuri da gonar nan. Kiri-kiri ya cinye ta. Kun san halinsa, in ba a tono saiwar ba, dawowa yake yi."

A layi na shida akwai Ishaku, taubashin Auta, wanda ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya dubi Auta sama da ƙasa ya ce, "Bawana, bana ka yi teɓa. Je ka inuwa ka riƙe mana gorar ruwa, maza su yi aiki."

Auta ya ce, "In na kai ƙarshen layi zan aiko da jaki ya ɗauko ka."

Aka yi dariya, aka sunkuya.

Da farko Auta ya yi noman gaskiya. Amma saiwar kiri-kiri doguwa ce, tana bin ƙarƙashin ƙasa, tono ta kuwa na cin lokaci. Da ya ɗaga kai, sai ya ga Ishaku ya wuce shi da taku uku, ga mata can gindin ɗorawa suna kallo. Zuciyarsa ta yi zafi. Sai ya sare kan ciyawar kawai, ya jawo ƙasa ya rufe, ya taka da ƙafa. Ya waiwaya. Wurin ya yi fes, ba bambanci da na kowa. Daga nan bai ƙara tono saiwa ko ɗaya ba. Sara, rufewa, takawa, har rana ta yi tsaka. Kowane zagaye shi ke fara kaiwa ƙarshe, mata suna rangaɗa guɗa, Ishaku na haki yana cewa, "Yau kam aljanu ne suka kama maka."

Da aka tashi cin abinci, Lai'atu ta kawo tuwon dawa da miyar zakaranta guda ɗaya da ta yanka. Ta tsamo cinya ta sa a gaban Auta, ta dafa kansa a gaban kowa ta ce, "Ban yi goyon banza ba. Ubangiji ya sa maka albarka."

Auta ya ce amin, ya ci naman. Ya ce a ransa, gobe da sassafe zai zagayo ya gyara, ba wanda zai sani. Washegari aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rafi ya cika ya batse, kwana goma sha biyu ba mai iya hayewa. Tun yana damuwa, har ya fara gaya wa kansa cewa wataƙila ciyawar ta ruɓe a ƙasa.

Da ruwan rafi ya janye, aka sa gayyar gonar Ishaku, wadda ke maƙwabtaka da ta Lai'atu. Dangi duka suka haye, maza da fartanyu a kafaɗa, mata da ƙwarya a ka, yara na biye suna tsalle a taɓo. Da suka ɓullo ta bayan ɗorawa, sai kowa ya tsaya.

Gonar Lai'atu ta zama kamar zane mai ratsi. Layuka shida tas, maiwa ta yi baƙi ƙirin don lafiya. Sai layi ɗaya kore shar da ciyawa, maiwar cikinsa ta yi ja, ta tsumbure, wata ma ta kwanta. Sai kuma shida tas, sai ɗaya kore. Haka har ƙarshen gona.

Ishaku ya kwashe da dariya ya ce, "Kai! Wane mai basira ne ya shuka wa Yaya ciyawa a jere haka?" Ya miƙa yatsa yana ƙirga. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida..." Sai ya yi shiru, ya sauke hannunsa, ya shiga duban ƙasa.

Da Ishaku ya ci gaba da tsokana, da Auta ya sami abin mayarwa. Shirun nan ne ya kashe masa jiki. Ya ji kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa. Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. 'Ya'yansa uku suna dubansa, suna duban gonar gwaggonsu.

Sai Lai'atu ta ɗaga murya ta ce, "Fartanyarsa ce ta dakushe ran nan. Ni na gani da idona. Ku mu je, rana na yi."

Ga ƙofa an buɗe masa. In ya yi shiru, maganar ta wuce, ba mai ƙara tayar da ita. Amma ya dubi yayarsa, macen da bai taɓa jin ƙarya a bakinta ba, yau ga shi tana yi saboda shi, a bakin gonar da ya lalata mata. Sai ya ce, "Yaya, kada ki yi ƙarya don ni. Fartanyata lafiyarta ƙalau, da safen ranar na wasa ta. Binnewa na yi don in riga Ishaku. Na kuma ci namanki, na karɓi albarkarki. Ki gafarta mini."

Babban wansu ya dube shi ya ce, "To, ka san layinka."

Suka wuce gonar Ishaku suka bar shi. Kwana huɗu ya yi yana tono, shi kaɗai, a gonar da ke bakin hanya, duk mai wucewa ya san dalili. Abin da zai tone a wuni ɗaya tun farko, yanzu ya yi ƙarfi ya sarƙe da saiwar maiwa, sai da hannu. Duk da haka bai ceci duka ba. Da kaka ta yi, layukan nan ba su ba da rabin abin da sauran suka bayar ba. Ya buɗe rumbunsa ya ɗauki dammunan hatsi a ka, da rana tsaka, ya ratsa gari ya kai gidan Lai'atu. Ya tsaya a ƙofa ya kasa ɗaga ido.

Ta ce, "Shigo da su mana, Auta. Ka zauna ka ci abinci, duk ka bi ka rame."

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta. Kiri-kiri shi ne zunubin da muke sare wa kai mu rufe da ƙasa. Ka ce wa ɗan'uwanka "ya wuce" da baki, saiwar fushin tana nan a ciki. Ka daina abu a gaban mutane, kana yinsa a wayarka. Guɗar mata ita ce yabon da muke kwaɗayi, a gida ko a majami'a, har mu fi son a ce mun yi fiye da mu yi ɗin. Ruwan sama kuwa lokaci ne da ke hannun Allah. Ruwa bai shuka ciyawa ko ɗaya a gonar nan ba, abin da aka binne ne kawai ya tayar.

Amma ga abin da ya fi tsaya mini a rai, ina roƙonku ku riƙe shi. Ba a gonar Auta ciyawar ta fito ba. Gonarsa tana can lafiya lau. A gonar wadda ta goye shi ta fito, abincin marayu ta ci. Abin da muka ɓoye, sau da yawa ba mu yake fara cuta ba. Uwa yake cuta, da mata, da miji, da ƙanne, waɗanda suka yarda da mu har ba sa bin bayanmu su duba. In kuma ya fito fili, su ne za su tashi su kare mu, har su ɗauki laifin ƙarya a kansu.

Ku matasa da kuka dawo hutu, gida ya cika, kowa na ganin ƙoƙarinku yana sa muku albarka. Madalla. To, ku tambayi kanku yau: akwai albarkar da na karɓa alhali ban cancanta ba? In zuciyarka ta buga da jin wannan, kada ka kore ta. Jin nauyin nan alheri ne daga Ubangiji, kira ne yake yi maka tun saiwar ba ta yi ƙarfi ba. Shi mai gafara ne, ba ya korar wanda ya zo da gaskiya. Kada ka jira Lahadi mai zuwa. Mutumin da ya kamata ka gaya wa, wataƙila yanzu haka yana zaune kusa da kai a kan benci ɗaya, kuma tare za ku taka zuwa gida. Hanyar ta isa a yi maganar.