Maginin da Ya Ƙi Ƙwanƙwasa Ƙofa

Ya 'yan'uwa, an taɓa yin wani magini, mai baki a cocinmu. Matarsa 'yar Katolika ce, kullum suna cikin gardama. Idan ta ce Allah yana duban aikin hannu, sai ya yi dariya ya ce, "Maman yara, ni da bangaskiya aka cece ni, ba da bulo ba."

Maganar gaskiya ce, amma mafaka ya mai da ita. Duk ginin da aka ba shi, sai ya rage siminti ya sayar, ya cika da yashi. Ran Lahadi kuwa muryarsa ta fi ta kowa a waƙa.

Wani tela maƙwabcinsa ya ba shi ginin katanga. Da ruwa ya sauka, katangar ta rufta kan 'yar telan tana wasa a gindinta. Yarinyar ba ta tashi ba. Kowa ya ɗora wa ruwan sama laifi. Telan ma har ya riƙe hannunsa ya gode masa, don shi ya haƙa kabarin.

Daga ranar barci ya ƙaurace wa maginin. Mai cewa aiki ba komai ba ne, sai ga shi yana sharar coci, yana azumi, yana gyara rufin gwauraye kyauta. Zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Ya je ya faɗa wa fasto. Fasto ya ce, "Alherin Allah ya ishe ka. Amma in ka gaskata da gaske, tashi ka je wurin telan."

Ya lallaɓa wurin Fada, limamin cocin matarsa, ko zai sami hanya mai sauƙi. Fada ya ce, "Ɗana, Allah mai gafara ne. Je ka gaya wa uban yarinyar."

Ina kuma zai nufa? Ƙofar telan tana kallon tasa. Ya daina fita, ya rufe taga don kada ya ji ƙarar keken ɗinki. Aiki ya tsaya, jiki ya zube. A ɗakin nan ya mutu, telan yana tsakar gida ya kawo masa magani.

Ya 'yan'uwa, wa ya kulle shi? Ba Allah ba. Aiki ba ya sayen gafara, amma bangaskiyar da ba ta iya tsallaka titi ba, wace iri ce?

Allah ya tsare mu da bakin da ya gaskata, ƙafa ta ƙi tafiya. Amin.