Tukunyar da Zabuwa Ta Ɓata

An yi wani ƙauye a bakin fadama, inda Zabuwa da Bushiya ke maƙwabtaka, danga ɗaya ta raba gidajensu. Zabuwa ta iya girki, amma ba ta iya jin ana yabon wani. Bushiya kuwa haƙuri ne da ita. Uwar unguwarsu ita ce Iya Gafiya, tsohuwa wadda ba ta ɓoye magana.

Bushiya ta yi suna wajen miyar wake. Takan surfa waken, ta wanke shi har ya yi fari tas, ta bar shi ya nuna a hankali, sannan ta burge shi da maburgi, ta sa manja da daddawa da busasshen kifi. Duk ranar da ƙamshin ya tsallaka danga, Zabuwa ba ta iya haɗiye ko loma ɗaya ta tuwonta.

Wata rana a bakin rijiya mata suka shiga yabon miyar. Zabuwa ta dire tulunta.

"Miyar wake har abin yabo ce? Wake da ruwa ne fa. Ni da idona a rufe zan yi wadda ta fi ta."

"To Yaya Zabuwa, sai ki yi mu ci," in ji Bushiya. "Cikinmu ba ya ƙin miya biyu."

"Au, gori kike yi mini?"

"Wane gori? Yunwa nake ji."

Matan suka yi dariya. Zabuwa ta ɗauki tulunta ta wuce ko rabi bai cika ba.

Ana nan sai jikar Iya Gafiya ta haihu. Da suna ya matso, tsohuwar ta kira su su biyun, ta ba kowace tukunya da wake da kayan miya. Tukwanen iri ɗaya ne, maginiya ɗaya ta gina su.

"Iya, me ya sa ba za a bar mini girkin ni kaɗai ba?" in ji Zabuwa.

"Dangin gafiya yawa gare su, tukunya ɗaya ba ta ƙosar da su. Kuma ba na son mita."

"Shi ke nan. Amma kowa ya shaida, tawa za a kai wa dattawa."

Ranar suna, Zabuwa ta kafa murhunta a bakin ƙofa don duk mai shigowa ya gan ta. Cikin gaggawa ta cusa ɗanyen itace, ta ɗora tukunya, ta tafi zaure gaida baƙi tana nuna musu sabon zanenta.

Bushiya tana can gefen rumbu da busasshen itacenta. Kafin hantsi wakenta ya nuna luguf, ta burge, ta haɗa miyarta. Da ta waiwaya sai ta ga murhun Zabuwa hayaƙi kawai yake yi. Ta buɗe tukunyar, ta tarar da waken da tauri kamar tsakuwa.

Ta kira Iya Gafiya. "Iya, kama mini. In aka bar waken nan a haka, har la'asar bai nuna ba."

Suka ɗauke tukunyar Zabuwa suka ɗora a kan wutar Bushiya. Ta Bushiya kuma suka mai da ita murhun bakin ƙofa don kada ta huce. Daga nan suka zagaya bayan gida tuƙa tuwon shinkafa.

Can sai ga Zabuwa ta dawo. Ta buɗe tukunyar da ke murhunta, ta ga miya ta haɗu, ƙamshi na tashi. Ba ta tsaya tunanin wanda ya sa manja da kifi ba. Ta ce a ranta, wata daga cikin matan gida ce ta ƙarasa mata.

Ta leƙa murhun Bushiya, ta ga wake yana tafasa, ya fara laushi. Nan take zuciyarta ta ƙuntata.

"Wannan munafukar, ko da me ta fara sai ta ƙare da yabo. Yau dai ba za a yabe ta ba."

Ta duba hagu da dama. Ta kwance ƙullin kanwar da ke ƙugunta, wadda ake jefa ɗan ƙanƙanenta don wake ya yi saurin nuna, ta juye shi duka. Ta bi da gishirin da ke cikin ƙoƙo, shi ma duka. Ta rufe tukunya ta koma gefe tana gyara ɗaurin kallabi.

Jim kaɗan Bushiya da Iya Gafiya suka dawo.

"Yaya Zabuwa, wakenki ya isa burgewa yanzu," in ji Bushiya. "Zo mu mayar miki da tukunyarki."

"Wace tukunyar tawa? Ga tawa nan a murhuna."

"Waccan ta Bushiya ce," in ji Iya Gafiya. "Da hannuna na kama muka sauya su, lokacin da kike zaure kina juyi. Taki ce wannan."

Iya Gafiya ta ɗaga murfi. Waken ya yi baƙi-baƙi, kumfa na tasowa, wani wari na dukan hanci. Ta ɗan lasa, ta tofar.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aiki?"

"Ai a murhun Bushiya take," in ji Zabuwa da sauri. "Ita ta ɓata mini, don tana baƙin ciki da ni."

"Rufe mini baki. Tun da muka ɗora tukunyar nan Bushiya ba ta bar gefena ba, muciya ce a hannunta. Ke kuma ga ƙyallen kanwa nan a ƙugunki, babu komai a ciki."

Mata sun riga sun taru.

"Kin ce taki za a kai wa dattawa," in ji Iya Gafiya. "Ba zan kashe surukaina ba. Ɗauki abinki ki kai gida. Gobe ki auno mini wake daga rumbunki, ki mayar da wanda kika ɓarnatar."

Haka Zabuwa ta ɗauki tukunya a ka, ta ratsa ta tsakiyar baƙin da ta gama yi wa taƙama, kowa na toshe hanci.

Bushiya ta yanka kabewa da alayyafo ta ƙara a tata miyar, ta ƙara ruwa, har ta ishi kowa. Zabuwa na zaune a tsakar gidanta da yunwa, tana jiyo ana cewa a ƙaro, a ƙaro. Ta zuba wa awaki tata miyar, suka sunsuna suka juya.

Da yamma Bushiya ta miƙo mata tuwo da miya ta kan danga. Zabuwa ta karɓa ba godiya. Ta cinye, ta suɗe kwanon, sannan ta taɓe baki.

"Gishiri bai ji ba."

"Haka ne, Yaya," in ji Bushiya. "Ke kika ƙarar da shi."

Darasin wannan labari shi ne, mai hassada kansa yake fara cuta. Idan ka ga ana yabon wani, ka matso ka koya, ko ka gyara naka aikin. Wanda ya miƙa hannu don ɓata tukunyar maƙwabcinsa, sau da yawa abincin kansa yake zubarwa.