Kwikwiyon Jatau da Takalmin Suruki

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya farka.

Ta zo mu ji ta.

Wani maharbi ne wai shi Jatau, ya samo kwikwiyo. Kwikwiyon nan haƙoransa na fitowa, dasashi na ƙaiƙayi. Abin da ya samu, sai tauna.

Ya tauna tabarma. Jatau ya ce, "Bari!" ya make shi.

Ya tauna igiyar guga. Jatau ya ce, "Bari!" ya ƙara masa.

Rana ta uku sai ga Baba Nomau, surukin Jatau, ya zo ganin 'yarsa Lantana. Tsoho ya shafe takalmansa na fata da man shanu, sai ƙyalli suke. Ya tuɓe su a bakin zaure ya shiga. To, kun san kare da man shanu. Ana gaisuwa a ciki, ana aiki a waje.

Da tsoho ya fito, ƙafa ɗaya ya tarar. Ɗayar kuwa saura maɗauri.

Kunya ta kama Jatau, mutumin da ko ruwa ba ya iya sha a gaban surukinsa. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya finciko kwikwiyo, ya rantse yau daji zai kai shi, kura ta yi kalaci.

Kwikwiyo ya ce, "Maigida, kullum bari, kullum bari. Ko sau ɗaya ba ka ce mini ungo ba. Bakina ne ke ƙaiƙayi."

Tsoho ya yi dariya. Ya ɗaga yatsa, ya nuna wani tsohon tabo.

"Jatau, ka ga wannan? Aikin Lantana ne, tana fitar da haƙora. Ganda na ba ta ta yi ta tauna. Da daji na kai ta, wa za ka aura?"

Kunya ta biyu ta fi ta farko. Jatau ya sauke kwikwiyo a hankali. Tsoho ya jefa wa kwikwiyo ƙafar da ta rage, ya ce, "Ungo."

Jatau ya tuɓe nasa takalman, ya durƙusa ya ajiye wa tsoho. Haka ya raka shi har bayan gari, rana tsaka, ƙasa na ƙuna, ƙafa ba takalmi.

Tun daga ranar, ƙashi da ganda na kwikwiyo, takalmi kuwa a rataye.

In za ka ce bari, ka tanadi ungo.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Kowa ya duba takalminsa kafin ya kwanta.