Kurege Baƙon Kullum a Tungar Kwakwa

Ga wata nan ta taso daga bakin teku, ku gyara zama ku tarbe ta.

A shekarar da damina ta yi wa arewa rowa, har gyaɗa ta ƙi yin 'ya'ya, Kurege ya toshe bakin raminsa, ya bi sawun fatake ya yi kudu. Ya yi ta tafiya har ƙasa ta ƙare masa a gaba, sai ruwa mai ruri wanda ba a ganin ƙarshensa. Nan ne Tungar Kwakwa, garin masunta. Ya iso haƙarƙarinsa duk a waje, wutsiyarsa kamar tsohuwar tsintsiya.

To, garin yana da al'ada. Duk matafiyin da ya shigo da ƙurar hanya a ƙafarsa, a ranar baƙo ne: a kai shi rumfar Dorina, mai dafa wa gari abinci, ya ci har ya ture. Amma baƙuntar ba ta kwana. Kashegari ya zama ɗan gari, ɗan gari kuwa ba ya ɗanɗana kifi sai ya ja igiyar taru tare da Kada, sarkin masunta.

Dorina ta shimfiɗa masa tabarma, ta sare kan ɗanyar kwakwa ta miƙa masa.

"Sha tukuna, ɗan baƙo. A nan ba a gaisawa da busasshen maƙogwaro."

Ya shanye. Ta ajiye ƙwaryar ruwa a gabansa, ita ma ya kafa kai ya shanye.

"Wayyo ni, na wanke hannu ne fa!" in ji Dorina. Ta yi dariya har tukwane suka yi ta karo da juna.

Aka kawo dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, ya gatsa har da ganyen. Aka kawo sakwarar rogo da agada, ya yi ta tauna tana manne masa a haƙora.

"Ba a tauna ta, ɗan nan. Gutsura, tsoma a miya, ka haɗiye."

Ya tsoma ya haɗiye, barkono ya kama shi, hawaye shar-shar har kan tabarma. Dorina tana yi masa fifita tana dariya. 'Ya'yanta duk sun girma sun watsu cikin ruwaye, ba mai leƙo ta, saboda haka ba abin da ke faranta mata rai kamar baƙon da bai iya cin abinci ba. Ta nuna masa yadda ake fasa ƙafar kaguwa a tsotse. Da ta ga ya fara sabawa, sai ta zaro wata 'yar tukunya daga bayan randa, ta lakato masa yajin jatan lande, wanda ba kowa take ba ba.

Da gari ya waye, Kada ya tsaya a bakin rumfa.

"Ɗan gari, fito. Taru na jira."

Kurege ya dubi igiyar, ya ga ta fi ƙugunsa kauri. Ya dubi tafin hannunsa.

"Ranka ya daɗe, da na so, amma yau zan wuce. Ana jirana a gaba, ni ne mai raba wa sarakuna gardama."

Ya yi sallama, ya fita gari, ya kewaye bayan itatuwan kwakwa. Ya yi birgima cikin ƙura, ya tsefe zaren ɓawon kwakwa ya manna a haɓa, ya naɗa busasshen ganyen ayaba a kai, ya samo sanda.

"Ni ne Kurege," in ji shi, yana duba kansa a kududdufi. "Wanda ya haife ni ma sai ya tambayi sunana!"

Ya dawo yana ɗingishi. "Salamu alaikum, masu gida. Tsohon falke ne, jakunana sun ɓace a kurmi."

Dorina ta shimfiɗa tabarma. Ya shanye ruwan wanke hannu da gangan, ya gatsa ganyen dokunu, ya matse ido ya yi kukan barkono. Dorina ta yi dariya, ta yi ta koya masa abin da ya riga ya sani, shi kuwa yana ta loda soyayyen kifi.

Da gari ya waye, kafin Kada ya buɗe baki, tsohon falke ya tafi neman jakunansa. Kurege ya shafe bayansa da laka, ya soka ƙayoyin kifin da ya ci jiya ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a rana ya bushe. Ya shigo yana rangwaɗa, da siririyar murya.

"Sannunku da aiki. Ni ce Bushiya, ungozoma, an kira ni karɓar haihuwa na ɓata hanya."

Ranar miyar manja aka yi da kifi mai hayaƙi. Ungozoma ta ci, ta yi kuka, ta nemi ƙari.

Kada dai ya fara tsaki. "Inna Dorina, wannan shekara baƙi sun yi yawa, kuma duk tsayinsu ɗaya. Ba ko ɗaya da ya taɓa mini igiya."

"Kai dai ba ka son mutane," in ji Dorina. "Yunwa ce ta gajarta su."

Da gari ya waye, Kurege ya sami rabin ɓawon wata ƙatuwar kwakwa, ya kife a bayansa, ya cusa wutsiyarsa ciki, ya ɗaure da igiyar ayaba. Yanzu ya yi ƙiba, da ƙyar ɓawon ya rufe shi.

"Su ja taru, ni in ja akushi," in ji shi. "Kowa da aikin da Allah ya hore masa."

Ya rarrafo a hankali. "Gafaranku dai. Kunkuru ne daga can cikin hamada. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi rijiya faɗi ba."

Ashe ranar taru ya cika, Dorina ta yi miyar kuɓewa da kaguwa, ƙamshi har bakin ruwa. Kada ma ya zo ya zauna a gefe zai ci. Ƙamshin nan ya shiga hancin Kurege ya kori wayonsa. Aka ajiye ƙwarya, ya wanke hannun dama tsaf. Ya warware ganyen dokunu ya linke shi gefe. Ya ɗauki ƙafar kaguwa, ƙas, ya fasa, ya tsotse ta tas, ko tari bai yi ba. Sannan ko dubawa bai yi ba ya miƙa hannu bayan randa, ya jawo 'yar tukunyar yajin jatan lande.

Dorina na tsaye da ludayi, ba ta dariya.

"Malam Kunkuru," in ji ta a hankali, "a hamadar taku ma bayan randa ake ajiye shi?"

Kurege ya tsaya da loma a baki. Ya yi maza ya matse ido. "Wayyo barkono! Wayyo harshena!"

"Ka makara," in ji Kada. Ya matso yana jan ciki. "Mu ma muna da su kunkuru a nan. In sun tsorata, kai suke mayarwa cikin ƙoƙo. Mayar da naka mu gani."

Kurege ya noƙe wuya, ya noƙe, kunnuwa suka ƙi shiga. Kada ya ɗaga wutsiya ya sauke a kan ɓawon, fau! Ɓawo ya rabe biyu, wutsiyar Kurege ta yi tsalle ta miƙe a fili.

"Falke!" in ji Kada.

"Ungozoma!" in ji Dorina, ta sakar masa ludayi a ƙeya.

Kurege ya zabura, ya faɗa kwandon kaguwa masu rai, ɗaya ta cafke masa wutsiya. Ya fita da ita yana ihu, ya sarƙe cikin tarun da aka shanya, masunta suka rufe shi da filafilai. Da ƙyar ya ciji igiya ya sulale ta ƙafar Kada, ya bar musu rabin gashin wutsiyarsa.

Dorina ta daɗe tana kallon tabarmar. Ba kifin ne ya dame ta ba. "Ashe duk ni kaɗai nake dariyata," in ji ta, ta naɗe tabarmar ta jingine.

Shi kuwa Kurege bai tsaya ba sai da garin ya ɓace masa. Ya hau wani kututture, ido ɗaya a kumbure, ya shafa ƙeya, ya shafa tumbi.

"Baya ne ya sha duka," in ji shi. "Ciki ko filafili ɗaya bai same shi ba."

Sai ga wata Balbela ta sauka kusa tana kiwo.

"Yaya Balbela, garin da ke gaba, soya kifi suke yi ko ƙyafewa?"

"Soyawa."

"Madalla," in ji Kurege. Ya sauko, ya kama hanya yana ɗingishi, wannan karon na gaske.

Nan ta tsaya, sauran kuma teku ta kwashe.