Sunan Jaririyar Isyaku

Ku gyara zama, yau na zo muku da wadda za ta raba kanku.

Isyaku maɗinki ne, shi kaɗai namiji a cikin mata uku. Mazan gidansu ba sa tsufa. Ubansu ya dafe ƙirji ya faɗi bai cika arba'in ba, haka ma ƙanen uban. Dangi suka ce jifa ce, suka binne zancen don kada a guji auren 'ya'yansu. Isyaku yana raha da kowa, amma a ransa jiran ranarsa kawai yake yi.

Babbar yayarsa Saudatu ita ta yi jinyar uban. Ran nan ta ga wasu ƙuraje masu ruwan ɗorawa a fatar idon Isyaku, ƙwayar idon kuma ta yi yana-yana, sak na marigayi. Ta tasa shi gaba har asibiti, ta zayyana wa likita mutuwar mazan gidan kaf. Aka ce ta tona asirin dangi. Har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwarta.

Likita ya ce akwai wani furotin da ke kwashe kitse daga hanyoyin jini ya kai hanta. Yana zargin Isyaku ya gaji rashinsa, amma sai an gwada jinin wani ɗan'uwansa kafin a tabbatar. Kowa ya noƙe, don wa ke son a faɗa masa abin da ke kwance a jikinsa? Barira, mai bi wa Saudatu, ta miƙa hannu. Aka tabbatar da ciwon, aka kuma ce ita ma ba ta tsira ba, rabin furotin ɗin kawai gare ta. Ta fita ta yi kukanta, ta dawo tana murmushi.

"Ka gani ko? Ba kai kaɗai ba ne," in ji ta.

Ciwon ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa da magani da kame baki. Isyaku da ɓargo da man shanu kuwa, sai addu'a! Matarsa ba ta iya hana shi, da ya langaɓe kai sai ta zuba masa. Autarsu Ramlatu ta karɓe tukunyarsa. Kullum tana tafe da kwano, ta tsare shi ya sha magani, ta kora shi zagayen unguwa da ƙafa. Ya yi fushi, ya kira ta dogariya.

Ta ce, "Yaya, ka yi ta zagina har mu tsufa, na yarda."

Bana, bayan dogon jira, Allah ya ba shi 'ya mace. Ya ɗauke ta, hawaye ya zubo masa, don bai taɓa zaton zai ga wannan rana ba. Yana son ya yi wa 'yar'uwarsa takwara, amma jaririya ɗaya ce. Gobe suna, rago yana ɗaure, liman zai tambaya.

To, ku da kuke zaune, sunan wacce a cikinsu zai raɗa mata?